Kowa ya ci ladan kuturu: darasin kuɗin jami'a daga Ingila

Makon jiya gardama ta kaure tsakanina da wani abokin aikina a ɗakin malamai, muna jiran a kaɗa ƙararrawa. Maganar jami'o'inmu ce ta kawo ta: ɗalibai sun yi yawa, azuzuwa sun yi kaɗan, alawus ba ya zuwa kan lokaci. Shi a ganinsa magani ɗaya ne, a ɗora kuɗin karatu mai nauyi, wanda ba shi da hali a ba shi bashi, kamar yadda ake yi a Ingila. Ya ƙara da cewa ai ko jam'iyyar da ta rantse ba za ta yarda a ƙara kuɗin jami'a ba a can, da ta shiga gwamnati ta ga lissafi da idonta, sai ta tuba ta bi gaskiya, har shugabanta ya fito ya nemi gafara. Ya ce wannan shi ne dattako a siyasa.

Na ce masa Malam, ban yarda ba. Ƙararrawa ta raba mu kafin in gama, shi ya sa na zo nan in ƙarasa, domin na lura ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Abin da jam'iyyar Liberal Democrats ta yi wa ɗaliban Ingila a 2010 cin amana ne da aka shirya shi tun kafin a jefa ƙuri'a, kuma duk uban da ke da ɗa ko ɗiya a ajin bak ya kamata ya san yadda aka yi shi.

Kafin 1998 ɗan Birtaniya ba ya biyan kuɗin karatu a jami'a. Gwamnatin Labour ta Tony Blair ce ta fara sa fam 1,000 a shekara. A zaɓen 2001 jam'iyyar ta rubuta a takardar manufofinta cewa ba za ta kawo ƙarin kuɗi ba, amma a 2004 ta kai doka majalisa wadda ta ɗaga shi zuwa fam 3,000. Da ƙyar dokar ta sha, da ratar ƙuri'a 5 kacal. A duk tsawon wannan lokaci ƴan Liberal Democrats su ne masu ɗaga murya suna cewa ilimi haƙƙi ne, kuma da wannan magana suka yi ta kwashe ƙuri'u a garuruwan da ke da manyan jami'o'i.

Da zaɓen 2010 ya ƙarato, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta fito da wata takardar alkawari, ta ce duk ɗan takarar da ke son ƙuri'ar ɗalibi ya sa hannu cewa idan ya shiga majalisa zai jefa ƙuri'ar ƙin duk wani ƙarin kuɗin jami'a. Shugaban jam'iyyar, Nick Clegg, ya sa hannu, ya ɗaga takardar aka ɗauke shi hoto. Ƴan takararsa suka bi sahu. Takardar manufofinsu ma ta wuce nan, ta ce za su soke kuɗin gaba ɗaya sannu a hankali cikin shekara shida. Aka yi zaɓe ranar 6 ga Mayu, suka samu kujeru 57 cikin 650, kuma dukan mutum 57 ɗin nan hannunsu na kan takardar.

Babu jam'iyyar da ta samu rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai. Conservative ta David Cameron ce ta zo ta ɗaya, amma tana buƙatar abokin tafiya. Cikin kwana biyar aka ƙulla ƙawance. Clegg ya zama mataimakin firaminista, jam'iyyarsa ta samu kujeru biyar a majalisar ministoci, kuma ma'aikatar da ke kula da jami'o'i ta faɗa hannun ɗan jam'iyyarsu, Vince Cable. Wata bakwai bayan zaɓe, ranar 9 ga Disamba 2010, dubban ɗalibai na zanga-zanga a ƙofar majalisa cikin sanyin Landan, aka jefa ƙuri'a a ciki. Kuɗin da bai kai fam 3,300 ba aka ba jami'o'i damar kai shi fam 9,000 a shekara, wato kusan miliyan 7 na sefa. Masu goyon baya 323, masu ƙi 302. Cikin ƴan Liberal Democrats 57 da suka sa hannu, 28 suka goyi bayan ƙarin, har da Clegg da Cable, 21 suka ƙi, 8 ba su jefa ba.

Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Waɗannan sun ci lada, da aka miƙo kai sai suka ce askarsu ta ɓata.

Hujjar farko da masu kare su ke kawowa ita ce ba su ci zaɓe ba, kuma ƙawance sai da sassauci. Ni ma na san haka, ko a ƙungiyar uwayen ɗalibai ta unguwa ba wanda ke samun duk abin da yake so. Sai dai a duba abin da takardar ta ce. Ba ta ce idan muka kafa gwamnati ba. Ta ce ni, wane ɗan wane, zan jefa ƙuri'ar ƙi. Wannan alkawari ne da mutum ɗaya zai iya cikawa da ƙafafunsa, ko jam'iyyarsa na mulki ko tana adawa. Mutum 21 sun cika shi, cikinsu har da tsofaffin shugabannin jam'iyyar biyu, Charles Kennedy da Menzies Campbell, kuma sama ba ta faɗo ba.

Yarjejeniyar ƙawancen kanta ta ba su damar su ƙaurace wa ƙuri'ar idan ba su gamsu ba. A yi lissafi irin na ɗan firamare: a cire 28 daga 323, saura 295. Da mutanen nan sun naɗe hannu kawai, sauran kuma suka tsaya inda suka tsaya, da ƙarin bai wuce ba a ranar. Su ne suka ɗauke shi a kafaɗa suka tsallakar da shi.

Sannan a tambaya, a kan me suka kafe lokacin cinikin ƙawance? Sun kafe sai an yi ƙuri'ar raba gardama kan sauya tsarin zaɓe, abin da zai ƙara wa jam'iyyarsu kujeru a gaba. An ba su, an yi ta a Mayun 2011, jama'a suka yi watsi da ita da kusan kashi 68 cikin ɗari. Sun samo wasu abubuwa masu amfani, kamar ƙarin kuɗi ga makarantun da ke da ƴaƴan talakawa da rage haraji ga masu ƙaramin albashi, ba zan ɓoye ba. Amma wannan ya nuna suna da ƙarfin ciniki, kuma su suka zaɓi abin da za su riƙe da abin da za su saki. A watan Nuwamba 2010 jaridar Guardian ta fallasa wata takarda ta cikin gida, wadda tawagar Danny Alexander mai shirya musu cinikin ƙawance ta rubuta a watan Maris, wata biyu kafin zaɓe, inda aka riga aka tsara cewa ba za a tsaya kan maganar kuɗin jami'a ba. Ke nan ranar da ake ɗaga takarda gaban ɗalibai ana murmushi, manya sun riga sun san kayan na sayarwa ne. A ina aka ga lissafi aka tuba? Lissafin yana aljihu tun kafin kamfe.

Hujja ta biyu ita ce babu kuɗi. Gaskiya ne tattalin arzikin Birtaniya ya jigata bayan rikicin bankuna na 2008. Amma babu kuɗi magana ce da kowace gwamnati ke yi a kan abin da ba ta sa a gaba ba. Abin da aka yi a 2010 shi ne an zaftare mafi yawan kuɗin da gwamnati ke ba jami'o'i don koyarwa, kusan kashi 80 cikin ɗari, aka ce ɗalibi ya cike gurbin. Jami'a ba ta tashi da kuɗi ninki uku ba, an dai sauke kaya daga kan baitulmali an ɗora wa yaro ɗan shekara 18. A lokacin ne kuma aka soke ɗan tallafin da ake ba ƴaƴan talakawa ƴan shekara 16 zuwa 19 don su ƙarasa sakandare, wanda bai wuce fam 30 a mako ba.

A cikin ƙasar nan ɗaya, Sikotland ta bi wata hanya dabam. Abin da zai ba mutum haushi shi ne, ƴan Liberal Democrats ɗin nan su ne suka matsa wa Labour lamba lokacin ƙawancensu na 1999 a can har aka daina karɓar kuɗi a hannun ɗalibi kafin ya shiga aji, sannan jam'iyyar SNP ta soke ragowar a 2008. Wato sun san yadda ake kafewa idan suna so. Jamus ma wasu jihohinta sun gwada karɓar kuɗi, jama'a suka ƙi, zuwa 2014 duk aka janye. Ban ce tsarin waɗannan ƙasashe ba shi da nasa ciwon kai ba, Sikotland tana ƙayyade yawan guraben da take biya wa ƴaƴanta. Abin da nake cewa shi ne akwai zaɓi, kuma wanda ya ce babu yana ɓoye nasa zaɓin ne.

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi, kuma ita abokin aikina ya fi dogara da ita. Ya ce ai a Ingila ba wanda ke biyan ko dala ranar shiga jami'a. Gwamnati ce ke biya a matsayin bashi, ɗalibi ba zai fara biya ba sai ya samu aikin da albashinsa ya haura fam 21,000 a shekara, a cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura, bayan shekara 30 a yafe saura. Haka tsarin 2012 yake, kuma zan faɗi abin da ba ya taimakon gardamata: yawan ƴaƴan talakawa ƴan shekara 18 da ke shiga jami'a bai ragu ba bayan ƙarin, ya ci gaba da hawa. Duk wanda ya ce an rufe musu ƙofa gaba ɗaya bai faɗi daidai ba.

To amma a bi abin da ya biyo baya. Ministoci sun ce fam 9,000 sai a wasu wurare ƙalilan, yawanci za su tsaya wajen 6,000. Cikin ƴan shekaru kusan kowace jami'a ta hau can ƙololuwa, domin wadda ta yi araha za a ce karatunta na banza ne. Manya masu aiki da ke komawa karatu da yamma, irin malamin da ke son ƙaro ilimi ko uwar da ta gama renon yara, yawansu ya faɗi warwas, domin mai iyali ba ya wasa da bashi. A 2015 gwamnati ta daskarar da ma'aunin nan na fam 21,000 bayan ta yi alkawarin zai riƙa hawa tare da albashi, wato ta sauya sharaɗi bayan yara sun riga sun sa hannu, ko da yake daga baya an ɗaga shi. A 2016 aka soke tallafin abinci da wurin kwana da ake ba ƴaƴan talakawa kyauta, aka mayar da shi bashi, sai ya zama ɗan matalauci ne ke fita da bashi mafi nauyi, ɗan mai kuɗi kuwa ubansa ya biya ya huta da kuɗin ruwa. A 2017 kuɗin ya koma fam 9,250. Waɗanda suka shiga daga 2023 sai sun yi shekara 40 kafin a yafe musu. A 2025 ya kai fam 9,535. Yau ɗalibin Ingila kan fita da bashin da ya haura fam 40,000 kafin ya karɓi albashin farko.

Daga fam 1,000 zuwa fam 9,535 cikin shekara 27, ba a taɓa rage shi ko sau ɗaya ba, kuma kowane mataki an zo da shi da daɗin baki cewa mai sauƙi ne, an kare talaka. Ƙofar nan idan aka buɗe ta ba ta komawa. Wannan shi ne abin da nake so uwaye su riƙe.

Saura maganar neman gafara. A Satumban 2012 Clegg ya fito a bidiyo ya ce ya yi nadama. Duk wanda ya saurara da kyau ya ji abin da ya yi nadamarsa: ɗaukar alkawarin da bai tabbata zai iya cikawa ba. Bai ce ƙarin kuskure ne ba, ya ci gaba da kare shi. Ka ba mutum ajiyar hatsi, ya sayar, ya zo ya ce ka gafarce ni da na karɓi ajiya tun farko, hatsin kuwa sayar da shi ya yi daidai. Wane alƙali ne zai kira wannan tuba? A addininmu ma tuba sai da mayar da haƙƙi. Matasan Ingila sun gane, shi ya sa suka mayar da jawabin waƙar barkwanci ta zagaye intanet.

Jama'a sun hukunta su. A zaɓen 2015 kujeru 57 suka koma 8, Clegg ya sauka daga shugabanci, a 2017 ya rasa kujerarsa ta Sheffield, garin da ke cike da ɗalibai. Shekara ɗaya bayan nan kamfanin Facebook ya ɗauke shi babban aiki a Amurka. Yaran da suka shiga jami'a a 2012 kuwa har gobe ana yankar albashinsu kowane wata. Faɗuwar jam'iyya ba ta mayar wa kowa ko fam ɗaya ba.

Kada kuma wani ya ɗauka halin jam'iyya ɗaya ne. Keir Starmer, lokacin da yake neman shugabancin Labour a 2020, ya sa soke kuɗin jami'a cikin alkawuransa. A 2023 ya ce ya bar maganar, halin tattalin arziki ya sauya. Ya hau mulki a Yulin 2024, a Nuwamba gwamnatinsa ta sanar da ƙarin da ya kai kuɗin 9,535. Dalilin da ya sa ɗalibi ke zama abin yanka na farko a bayyane yake: yana da yawa ranar zaɓe, ba shi da kujera ranar rabon kasafi, kuma wanda ƙarin zai fi shafa yana aji uku na kwaleji, bai isa jefa ƙuri'a ba.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tsarin bashin Ingila, da duk aibinsa, yana tsaye ne kan abu ɗaya: hukumar haraji ta san albashin kowa, tana cire kuɗin tun kafin ya shiga hannu, kuma wanda bai samu aiki ba ba a bin sa. Ɗanmu da ya gama jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo, ina albashin da za a cire? Wani zai yi shekaru yana koyarwa a kwantaragi, wani ya hau kabu-kabu, wata ta buɗe ɗan shago a cikin gida. Idan aka kwaso tsarin nan aka dasa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ɓangaren bashi mai sauƙi ne zai mutu a hanya, ɓangaren biyan kuɗi ya iso lafiya. A ƙarshe manomi ne zai sayar da sa ko ya jinginar da gona, kuma idan kuɗin ɗa ɗaya kawai ake da shi, duk mun san ɗiya mace za a ce ta haƙura. Mu malamai mun riga muna ganin haka tun daga kuɗin littafi da kayan lakwal.

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan gardama. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, suna zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatu. Har yau ɗalibanmu na tunawa da ranar kowace shekara. Ƙasar da ta biya wannan farashi bai kamata ta karɓi shawarar ƙarin kuɗi da hannu bibbiyu don kawai an ce haka Turawa ke yi ba.

Ban ce jami'o'inmu ba su buƙatar kuɗi ba, abokin aikina yana da gaskiya a nan, kuma ban ce ɗan attajiri ya yi karatu a kan gumin talaka ba tare da ya ba da komi ba. A zauna a yi wannan magana a fili, da alƙaluma, da wakilan ɗalibai da malamai da uwaye. Abin da na ƙi shi ne a karɓi ƙuri'a da magana ɗaya, a yi mulki da wata, sannan a samu masu ilimi suna tafa wa wanda ya yi hakan.

A yanzu an rusa jam'iyyu a ƙasarmu tun 2025, amma siyasa ba ta ƙarewa, wata rana masu neman ƙuri'a za su dawo ƙofar gidajenmu, kuma karatu kyauta na cikin abin da za su fara ambata. Ranar nan kada sa hannu ya ruɗe mu, mutum 57 sun sa hannu a Ingila. A tambaye su nawa abin zai ci a shekara, kuma daga wane aljihu zai fito, wane haraji za a ƙara ko wane aiki za a rage. A tambaye su idan ba su samu rinjaye ba, aka kira su ƙawance, shin wannan yana cikin abin da za su bar kujerar minista a kansa, ko yana cikin abin da za a ajiye a bakin ƙofa. Wanda ya fito fili ya ce shi zai ƙara kuɗi, ya kawo dalilinsa, ba zan zaɓe shi ba amma zan girmama shi. Wanda ya yi rantsuwa ya kasa amsa tambayoyin nan, mun riga mun ga irinsa.

Malam, gobe idan Allah ya kai mu ina da sa'a biyu babu aji. Ka zo da hujjarka, ni zan sayi shayi.